Safa a Tsakiyar Bazara

Tun daga Sule Tankarkar har suka shiga Gumel, idon Zakiyya bai bar ƙafar hagun mahaifinta ba. Tana bayansa a kan babur, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen baya, ɗayan ya danne jakar takardunta a cinya, tana kallon yadda Malam Barau ke sa giya da diddige yana ɗage yatsunsa sama. Duk sanda suka faɗa rami sai ta ga bayansa ya ƙame. Ba ya cewa wash. A iya saninta, Malam Barau bai taɓa cewa wash ba a kan komai.

Ga zafin bazara tun da sassafe, wanda ko jaki sai ya nemi inuwa, amma ƙafar nan tana cikin safa mai kauri, ya kuma zazzage mata rabin kwalbar turare kafin su fito.

"Lokotoro, kin yi shiru," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. Haka yake kiranta, wato likita, da bakin mutanen Damagaram da yake hulɗa da su a kasuwa. "Maimaita karatunki mana. Kada ki je gaban manya bakinki ya mutu."

"Ina yi a zuci, Baba."

Ƙarya take yi. Ba karatun take maimaitawa ba.

Malam Barau dillalin shanu ne a karar Maigatari. Wajen wata biyu da suka wuce, wata Alhamis ana loda shanu a mota, wani bijimi ya take masa babban yatsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da cinikinsa. Da ma an taɓa gaya masa yana da ciwon suga, ya ce wa mai gwajin ai shi ko shayi bai dame shi ba. Da ciwon ya ƙi warkewa sai ya koma fasa kafso ja-da-yalo yana barbaɗawa, daga baya ya haɗa da garin bagaruwa. Mahaifiyar Zakiyya ba ta iya kallon jini, don haka wankin ƙafar ya faɗo kan likitar gida. Kullum bayan sallar asuba Zakiyya ce ke durƙusawa da ruwan ɗumi da gishiri. Ita ce ta ga yatsan ya tashi daga ja ya koma baƙi. Ita ce ta ga baƙin ya fara hawa sama a makon nan. Ita ce kuma ta fara jin warin, tun kafin a kai ga turare.

Ta yi maganar asibiti sau ɗaya, a hankali, kanta a ƙasa. Ya ce mata Ilu mai nama da ƙafa biyu ya tafi asibiti, da ɗaya ya dawo. Ya ƙara da cewa, "Bayan intabiyunki. Kada ki tayar wa kowa da hankali." Shi ke nan magana ta mutu.

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya ɗaukar Malam Barau cak ya sa a mota, shi ne Habibullah, ɗansa na fari, wanda ke ɗinki a Kano. Da yake ɗan fari ne, uban ko sunansa ba ya kamawa, balle su yi doguwar hira a waya. Sai dai ya ce "wancan na Kano". Don haka Zakiyya ce Habibullah ke kira, kusan kullum, tambayar kuma ɗaya ce: ya jikin Baba? Amsar ma ɗaya ce.

Kun dai san halinmu. Mutum na kwance sai an juya shi, ka ce masa ya jiki, ya tattaro ɗan sauran numfashinsa ya ce maka da sauƙi. Ni ban ce mugun hali ba ne. Godiya ce ga Allah, rufin asiri ne, gudun ɗora wa mai tambaya nauyi ne. Amma wallahi wani lokacin haushi yake ba ni, don na sha zuwa gaisuwar mutanen da har ranar da suka cika da sauƙi ake ta cewa.

A wata makarantar sakandare ake intabiyun. Wata gidauniya ce ta 'yan asalin yankin ke ɗaukar nauyin karatun likita, gurbi ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma: Gumel, Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar. Jarrabawar rubutu an riga an yi, Zakiyya na cikin na sama. Saura a ga mutum ido da ido. Malam Barau ya kafe babur a gindin darbejiya inda sauran iyaye ke zaune a benci, ya sauko a hankali, ya yi sallama da fara'arsa ta dillalai. Ita kuma ta wuce baranda inda masu jira suke.

Zama ya gagare ta. Ta zauna, ta miƙe, ta gyara hijabi, ta buɗe jaka ta rufe. Kowa a barandar bakinsa na motsi kamar masu tilawa. Ita ma tana da nata haddar. Malam Siddiq, malaminsu na kimiyya, ya zaunar da ita ya ce akwai tambayar da ba ta taɓa fashi: mene ne rauninki? Ya ce tarko ne, kada ta kuskura ta faɗi gaskiya. Ya koya mata amsa da Turanci mai santsi, wai rauninta shi ne ba ta iya hutawa sai ta ga aiki ya fita tsaf, har takan manta da kanta. Ta haddace har da inda za ta yi ɗan murmushi.

Ƙofa ta buɗe, wata yarinya ta fito tana fifita da takarda. Sumayya ce, 'yar Gagarawa, da suka haɗu ranar jarrabawa. Nan da nan aka yanyame ta.

"Sun tambayi rauni?" in ji wani saurayi.

"Sun tambaya mana."

"Me kika ce?"

"Na ce ba na iya hutawa sai aiki ya fita tsaf." Ta taɓe baki. "Matar da ke cikinsu ko ɗago kai ba ta yi ba."

Saurayin ya dafe kai. Wata ta ce la haula. Ashe amsar nan ta Malam Siddiq yawo take yi a wayoyin mutane tun bara, kowa kuma ya ɗauka shi kaɗai ya tsinci dami. Zakiyya ta shiga laluben wani raunin, mai kyan gani, wanda ba zai kayar da ita ba. Saurin kuka? Za su ce ba za ta iya aikin ba. Rashin son hayaniya? Asibiti ai hayaniya ce. Abin dariya, yarinya na neman aibin da za ta ara, kamar mai neman mayafin zuwa biki.

Ta leƙa gindin darbejiya. Mahaifinta na ba da labari, yana yi yana kaɗa hularsa wajen ƙafa. Ƙudaje ne. Dattijon da ke kusa da shi ya ɗan muskuta, ya matsa can ƙarshen bencin kamar mai neman inuwa, alhali inuwar tana nan inda ya baro. Zakiyya ta gani.

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Habibullah.

"Likita, an shiga?"

"Tukuna, Yaya."

"Allah ya ba da sa'a. Ki nutsu. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ki gaishe shi."

Ya kashe. Ta tsaya da wayar a hannu. A gida takan gaya wa kanta cewa don Baba na zaune kusa ne take faɗin haka. Yau ga shi can nesa, ko ihu ta yi da ƙyar zai ji. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya harare ta. Bakinta ne ya faɗa da kansa, tun kafin ta yi tunani. Gabanta ya faɗi, ba don intabiyu ba.

"Zakiyya Barau!"

Mutum uku ne a bayan teburi. A tsakiya Alhaji Ɗalha, shugaban kwamitin, tsohon ma'aikacin gwamnati mai farin gemu da tabarau a kan hanci. A damansa wani siririn mutum da ba ya komai sai rubutu. A hagu Dakta Ummukulsum, doguwa, idanunta jawur kamar wadda ta kwana a tsaye, tana jujjuya biro a hannu. Fankar sama ba ta motsi. Taga na buɗe, ta cikinta kuma ana hango darbejiya.

Da Turanci aka fara, ta kuma yi abin kirki. Me ya sa take son likitanci, ta amsa. Aikin ƙoda, ta amsa. Me za ta yi in an tura ta ƙauyen da babu wuta, ta ce ai daga can ta fito, har siririn nan ya murmusa. Sannan Dakta Ummukulsum ta ajiye biro.

"Mene ne rauninki?"

Duk da abin da ta ji a baranda, haddar ce ta zo mata, don ita kaɗai ce a hannu. Ta fara. Ba ta kai rabi ba likitar ta kama, suka ƙarasa jimlar tare, har da inda ake murmushi.

Alhaji Ɗalha ya tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Yau dai mun tabbatar ƙasar Gumel kaf babu malalaci ko ɗaya."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta juya harshe zuwa Hausa.

"Zakiyya, Turancinki na ji, yana da kyau. Ni ba tarko na ɗana miki ba. Wata rana za a bar miki ɗaki cike da marasa lafiya, ke kaɗai. Ina son in san ta ina za ki cuce su, don in san ko abin da za a iya gyarawa ne. Kowa na da nasa. In ba ki san naki ba, ki ce ba ki sani ba, mu sallame ki."

Zufa na bin bayanta. Ta san abin da Malam Siddiq zai ce. Ta san abin da Baba zai ce, wanda ya fi tsanani, domin tona asirin uba a gaban baƙi ba ƙaramin abu ba ne a gidansu. Ta kuma san cewa duk wanda ya ji labarin nan zai iya cewa wannan ba ta dace da farar riga ba. Ta kalli taga. Hular nan na ta kaɗawa.

"Ba na iya faɗin mummunan labari," ta ce, murya can ƙasa.

"Ɗaga murya."

"Ba na iya faɗin mummunan labari, ranki ya daɗe. Ko na gani da idona. In an tambaye ni sai in ce da sauƙi."

"Wannan ai kowa ma haka yake," in ji Alhaji Ɗalha. "Tarbiyya ce."

"Ba ni misali," in ji likitar.

Zakiyya ta fara, tana yi tana tuntuɓe. Bijimin. Ja-da-yalo. Ruwan gishiri da asuba. Yayanta da ke kira daga Kano. Kiran da ya yi yanzun nan a baranda.

Likitar ta gyara zama. Tambayoyinta suka zama gajeru, masu kaifi.

"Yana da suga?"

"An ce yana da shi."

"Launin yatsan?"

"Baƙi."

"Iya yatsan?"

"Ya fara wucewa."

"Wari?"

"Akwai."

"Zazzaɓi?"

"Shekaranjiya ya yi rawar sanyi. Ya ce sauro ne."

"Ke kin yarda sauro ne?"

"A'a."

"To kin san abin da kike kallo ke nan." Muryar likitar ta yi zafi. "Kin sani, kike wanke shi kullum kina mayar masa da safa? Kina son zama likita?"

Hawaye suka zubo wa Zakiyya, ba ta share ba. "Shi ne abin da kika tambaye ni, ranki ya daɗe."

Alhaji Ɗalha ya cire tabarau ya murza ido. "Yarinya, kin san wannan amsar ba lallai ta taimake ki ba?"

"Na sani."

"Yana ina yanzu?" in ji likitar. "Sule Tankarkar?"

Zakiyya ta nuna taga. "Ga shi can. Mai kaɗa hula. Shi ya kawo ni a babur."

"A babur," likitar ta maimaita. Ta tura kujera baya ta miƙe. Alhaji Ɗalha ya ce Dakta, akwai fa mutane a layi. Ta ce layin ba zai ruɓe ba.

Duk barandar ta bi su da kallo. Malam Barau ya hango 'yarsa tafe da wata babbar mace, ya yi zumbur zai miƙe, likitar ta ce ya zauna. Ta rage tsawo ta gaishe shi kamar yadda 'ya ke gaida uba.

"Baba, an ce ba ka jin daɗin ƙafa. Ya jikin?"

Fara'ar ba ta bar fuskarsa ba, amma idonsa ya koma kan Zakiyya ya tsaya.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ɗan targaɗe ne na kasuwa."

Likitar ta juyo ta kalli Zakiyya, ta jira. Iyayen da ke bencin duk sun kasa kunne. Zakiyya ta durƙusa a gaban mahaifinta, a daidai inda take durƙusawa kullum da asuba.

"Babu sauƙi, Baba. Yatsan ya mutu. Abin yana hawa."

Dattijon ƙarshen benci ya ce subhanallahi. Malam Barau ya mayar da hularsa kai, a hankali, ya daidaita ta.

"Abin da na kawo ki yi ke nan?" ya ce. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mata sauƙi.

Likitar ta san mutanenta, ba ta ce ya cire safa a bainar jama'a ba. Ta sa aka buɗe wani aji da babu kowa, suka shiga su uku. Zakiyya ce ta zare safar, don ta manne, ita ce kuma ta san yadda ake bi da ita. Likitar ta duba, ta danna saman ƙafar, ta taɓa bayan idon sawu, ta taɓa goshinsa. Ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Baba, yatsan nan ba zai dawo ba. Ƙafar kuma, in ka je asibiti yau, ina sa ran za a cece ta. In ka bari sai wata Alhamis, ban yi maka alkawarin komai ba, har ranka."

"Ilu mai nama..." ya fara.

"Ban san Ilu ba. Amma na san irinsa da yawa, kuma yawancinsu sai da aka gama cewa da sauƙi aka kawo mana su."

Can ya ce, "To a bar yarinyar ta ƙarasa abin da ya kawo ta."

"An gama da ita."

"Ta ci?"

"Ba ni kaɗai ke yankewa ba. Za ku ji." Ta kira wani a waya ta ce ga mara lafiya nan zuwa, a karɓe shi kafin ta iso. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi Zakiyya. "Ba a warke daga wannan a rana ɗaya. Gobe ma bakinki zai so ya ce da sauƙi." Ta koma ɗakin intabiyu da sauri.

Babur ɗin a wurin maigadi aka bar shi. Suka hau a-daidaita-sahu, uba a wannan gefe, 'ya a wancan, jakar takardu a tsakaninsu. Ya juya fuska yana kallon titi. Suka wuce masu awon gero, suka wuce wata mota shaƙe da raguna, wadda a wata ranar da sai ya faɗa mata daga wace kasuwa aka ɗauko su. Bai ce uffan ba. Zakiyya ta rasa inda za ta sa ranta. Gurbin karatun, ta ba shi baya tun a cikin ɗakin can. Wannan shirun ne ba ta san yadda za ta ɗauka ba.

Wayar ta sake ƙara. Ta duba, ta kife ta a cinya. Ta ci gaba da ƙara.

"Wancan na Kano ne?" in ji Malam Barau, har yanzu fuskarsa na titi.

"Shi ne."

"To ɗauka mana."

Ta miƙa masa wayar. Ya kalle ta, ya girgiza kai.

"A'a. Ke za ki faɗa masa, yadda kika faɗa wa matar nan. Ni in na karɓa, kin san abin da zan ce."

Ta danna ta kai kunne.

"Likita! Yaya aka yi? An fito lafiya? Ya jikin Baba?"

Kalmomin nan biyu suka zo mata har bakin leɓe, a shirye, kamar kullum. Ta haɗiye su da ƙyar.

"Yaya, babu sauƙi. Muna hanyar asibiti a Gumel. Ka taho yau."

Habibullah na ta salati a waya yana jero tambayoyi, sai a-daidaita-sahun ta faɗa wani rami a kwanar asibiti, ƙafar ta bugi ƙarfe. Malam Barau ya damƙi hannun 'yarsa da ƙarfi, ya runtse ido.

"Wash," ya ce. "Wash, Allah."